DAGA BAKIN TASHA: Labarin Ƙaton Injin Amurka, Shin Wa Zai Sayi Man?



A 'yan kwanakin nan wata magana ta sake tasowa a majalisun samari, tun daga teburan masu shayi na Madagaska har zuwa wajen masu tsire a Briketeri, cewa wai Amurkawa na nan suna ƙera wani ƙaton inji wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma wai za a sa shi a manyan motocin ɗaukar kaya, a kuma sa shi a motocin tsere. Wani ya ce silinda takwas ne, wani ya ce lita bakwai ne, wani ma har rantsuwa yake yi cewa a waya ya gan shi yana jan tirela uku a haɗe. Da a nan maganar ta tsaya da ba mu ɓata takarda a kanta ba, domin hira ba a biya mata haraji. Amma abin ya fara wuce hira, tunda akwai samarin da suka tara ɗan abin hannu da gumin goshinsu, suna shawarar aika wa 'yan'uwansu da ke Amurka su loda musu irin wannan mota a jirgin ruwa zuwa Duwala, wai su shiga harkar jigilar kaya da ita. To, da zarar magana ta taɓa dukiyar mutane, wajibi ne a zauna a warware zare da abawa.

INDA MAGANAR TA SAMO ASALI

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Labarin yana da tushe, sai dai tsohon labari ne da ake ta sake masa riga. Tun cikin 2018 masu rubutu kan motoci a Amurka suka fara raɗe-raɗin cewa kamfanin Ford yana shirya wani babban injin fetur a ɓoye. A watan Fabrairu na 2019 kamfanin ya fito da shi fili. Silinda takwas ne, huɗu nan huɗu can kamar harafin V, girmansa lita 7.3, ƙarfin doki 430, kuma a garin Windsor na ƙasar Kanada ake ƙera shi. Aka yi masa laƙabi da Godzilla, sunan wani dodo na fina-finan Japan. An yi shi ne domin manyan akori-kurar kamfanin da ake kira Super Duty, irin su F-250 da F-350, da motocin ɗaukar 'yan makaranta da makamantansu.

Maganar haɗa shi da motocin tsere kuwa daga baya ta zo. A watan Satumba na 2020 ƙungiyar ƙwadago ta Unifor ta Kanada ta kammala wata yarjejeniya da Ford, sai aka ruwaito shugabanta na lokacin, Jerry Dias, yana cewa za a ƙera wani sabon inji mai lita 6.8 a Windsor, wanda zai shiga akori-kura F-150 da kuma motar Mustang. Wannan 'yar magana ita ce ta kunna wutar. Shekara biyu cur masu sha'awar motoci suka yi suna zuba hasashe, kowa na faɗin yawan dawakin da injin zai fitar, alhali babu wanda ya taɓa ɗaga bonet ya gan shi.

Sai ga watan Satumba na 2022, gani ya kori ji. A cikin watan aka nuna sabuwar Mustang a birnin Detroit, kuma babban injinta bai wuce lita 5.0 ba. Kafin watan ya ƙare aka nuna sabuwar Super Duty, sai ga injin nan mai lita 6.8 a cikinta. Ashe ƙanen Godzilla ne aka rage wa tsawon bugun fistin, ƙarfin doki 405, an kawo shi ne ya maye gurbin tsohon inji mai lita 6.2 a matsayin mafi araha a jerin. Wato dai injin da aka yi shekara biyu ana yi wa kirarin tsere, injin leburanci ne na masu kwangilar gini da manoma.

Daga wannan lokaci zuwa yau irin wannan magana ba ta ɗauke ba, domin kamfanonin kansu suna ba ta abinci. A watan Janairu na 2023 General Motors ya ce zai kashe dala miliyan 854 kan sabon zubin injinsa na V8, a watan Mayu na 2025 kuma ya ƙara ware dala miliyan 888 ga masana'antarsa ta Tonawanda a jihar New York. Kamfanin Ram ya cire injin Hemi daga akori-kurarsa ta 1500, masu saye suka yi ta ƙorafi, a watan Yuni na 2025 ya ba da sanarwar maido da shi. Kowace irin wannan sanarwa, kafin ta iso Yawunde ta bi ta baki goma, ta ƙara ƙiba.

Akwai kuma wani ruɗani na harshe da ya kamata mai karatu ya sani. Kalmar da Amurkawa ke kiran akori-kura da ita, ita ce dai suke kiran tirela da ita. Idan aka juya labarin zuwa Faransanci sai a ce kamiyo, mu kuma da mun ji kamiyo sai hankalinmu ya tafi ga motar da ke lodin shanu ko siminti. Alhali motar da ake magana a kai akori-kura ce mai faɗin ƙirji, wadda abin da take ɗauka a bayanta 'yan tan kaɗan ne.

MOTOCIN NUNA ƘARFI

Su kuma motocin da samari ke kira na tsere, Amurkawa na yi musu kirari da motocin ƙwanji. Dabarar ita ce a ɗauko injin babbar mota a cusa a cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a sayar wa matasa. An fi danganta farkon abin da Pontiac GTO ta 1964, mai lita 6.4, kuma a shekarar ce Mustang ta fito. Kamfanin Chrysler ya kawo injin Hemi mai lita 7, Chevrolet ya kawo mai lita 7.4 a cikin Chevelle ta 1970, kowa na neman ya kere wa ɗan'uwansa. A lokacin fetur a Amurka kamar kyauta yake.

Wasan bai daɗe ba. Dokar hana gurɓata iska ta 1970 ta matsa wa masu ƙira, kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, sannan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, aka shiga dogayen layuka a gidajen mai, sai ga masu motocin ƙwanji suna neman wanda zai saya ko da faɗuwa ne. Ƙananan motocin Japan suka samu ƙofar shiga kasuwar tun daga nan. An sake farfaɗo da irin waɗannan motoci daga baya, amma a watan Disamba na 2023 aka daina ƙera Dodge Challenger da Chevrolet Camaro. Abin lura a nan shi ne, ko a ƙasar da aka haifi ƙaton inji, rayuwarsa a hannun farashin mai take. In mai ya yi araha ya yi sarauta, in ya yi tsada a ajiye shi a gareji.

LITA, DOKI DA ƘARFIN JA

Yawancin gardamar da ake yi a majalisa ta samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Na farko lita, wato yawan iskar da dukkan silindojin inji ke iya zuƙa a zagaye guda. Shi girman ciki ne kawai, kamar a ce tukunya mai cin mudu goma. Na biyu ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai iya yi cikin ƙayyadadden lokaci, shi ne ke ba mota gudu. Na uku ƙarfin ja, wato ƙarfin da inji ke murɗa karanshaf da shi, wanda injiniyoyi ke aunawa da Nm. Shi ne ke tayar da mota daga tsaye da kaya a kanta, shi ne kuma ke hawa da ita tudu.

Alal misali, Godzilla na da doki 430, amma ƙarfin jansa lokacin da ya fara fitowa Nm 644 ne, kuma sai an taka totur inji ya kai juyi 4,000 a minti kafin a samu wannan. Ita kuwa Howo 371 ta ƙasar Sin, wadda muke gani kullum tana jigilar yashi da tsakuwa a Yawunde, dokinta 371 ne, ƙasa da na Godzilla, amma ƙarfin janta ya kai Nm 1,500, kuma tana ba da shi tun inji yana juyi a hankali. Kun ga ke nan mai ƙarancin dawaki ya ninka mai yawan dawaki fiye da sau biyu a wajen ja. Dalili kuwa shi ne injin gas, wato gazuwal, yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, bugun fistinsa dogo ne, ga turbo na tura masa ƙarin iska. Shi ya sa ba za ka ga tirela mai shan fetur tana lodin Njamena ba. Shi kansa Ford, ga wanda zai ja kaya masu nauyin gaske, injin gas mai lita 6.7 yake sayar masa.

Har ila yau akwai maganar tudu. Yawunde tana bisa kimanin mita 750 daga teku, Ngaundare kuma ta haura mita 1,000. Iska tana raguwa gwargwadon hawa, kuma injin da ba shi da turbo, irin Godzilla, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100. Saboda haka dawakin da aka rubuta a takarda a bakin teku, kafin a kai Adamawa wasu sun riga sun tsinke igiya.

MOTOCIN DA SUKA RIƘE HANYAR AREWA

Bari mu waiwayi namu tarihin. Tun da layin dogo ya isa Ngaundare a 1974, a can ake sauke kayan Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena daga jirgi a ɗora wa manyan motoci. Dattawan direbobi za su tuna Mercedes mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, aka ci gaba da yin ta domin ƙasashe irin namu har tsakiyar shekarun 1990. Lambar da ke jikin ƙofarta ma bayani ce. Idan ka ga 1924, to 19 ɗin nauyin tan ne, 24 ɗin kuma doki 240 ne. Ita kuwa 911 da 'yan Najeriya suka yi wa farin sani, tan 9 ce da doki 110. Da waɗannan 'yan dawaki aka yi jigilar gyaɗa da auduga da goro da shanu shekara da shekaru, a hanyoyin da ba su san kwalta ba. Ba su da gudu, amma in suka lalace a daji, direba da karen mota da 'yan sifanu sun isa su tayar da su.

Ita ma Howo ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. Injinta mai lita 9.7 jikan ƙirar kamfanin Steyr ne na ƙasar Ostiriya, wanda Sinawa suka sayi fasaharsa a farkon shekarun 1980. Wannan kamfani na Steyr shi ne ya kafa masana'antar harhaɗa motoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. Tsohuwar ƙira ce mai sauƙin fahimta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ta samu karɓuwa, bayan araha.

In kuwa ƙaton inji na gaske ake nema, to ba a Amurka za a fara dubawa ba. Kamfanin Scania na Suwidin, wanda ya fara yin V8 tun 1969, ya fitar da mai lita 16.4 da doki 770 a 2020, ƙarfin jansa Nm 3,700. A farkon 2024 Volvo ya amsa da mai lita 17 da doki 780. Gaba da gabanta ke nan. Amma waɗannan an yi su ne musamman domin aiki irin na Suwidin da Finlan, inda doka ta yarda mota guda ta yi nauyin tan 74 zuwa 76 a wasu hanyoyi, tana jan gumagumai daga daji. Mu a nan, dokar kare hanyoyi ta watan Afrilu na 1996 ta tsayar da iyakar nauyin mota da kayanta a tan 50, aka kuma kafa tashoshin awo a manyan hanyoyi. Girman inji ba ya ba mutum lasisin ƙara buhu ɗaya. Kuma duk direban da ya san gangaren falez tsakanin Ngaundare da Mbe zai gaya maka cewa inji ne ke hawa da mota, amma birki da giya da hankalin direba ne ke sauko da ita.

LISSAFIN MAI

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙa. Kafin watan Fabrairu na 2023 ana sayar da litar fetur sefa 630 a gidajen man Kamaru, gas kuma 575. A watan aka mai da su 730 da 720. A watan Fabrairu na 2024 aka sake ɗagawa zuwa 840 da 828. Bayan gobarar matatar SONARA ta Limbe a ranar 31 ga Mayu, 2019, ƙasar ta koma sayo tataccen mai daga waje. Shi ma zuwa-zuwa da mutanen Garwa da Marwa suka dogara da shi, ya yi tsalle bayan Najeriya ta janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A Amurka kuwa, a 2024, litar fetur ba ta kai sefa 600 ba in aka juya kuɗin, ga kuma albashinsu wanda bai haɗa hanya da namu ba. Domin mutumin can aka ƙera injin.

Tankin irin wannan akori-kura yakan ci lita 129. A farashin 840, cika shi sau ɗaya sefa 108,360 ne. A 2023 gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin albashi na ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba a sefa 60,000. Wato cikin tanki guda ya kusa haɗiye albashin lebura na wata biyu.

Mu yi lissafin misali, kowa ya ɗauko biro. Daga Yawunde zuwa Duwala kimanin kilomita 240 ne. A ƙaddara motar Amurkan tana shan lita 20 a kilomita 100, kuma mun yi mata sassauci, domin da kaya a kai da cunkoson shiga gari za ta wuce haka. Zuwa da dawowa lita 96 ke nan, sefa 80,640, a kan kaya tan 2. A ƙaddara kuma ƙaramar Canter ko Dyna mai shan gas, mai ɗaukar tan 3, tana shan lita 15. Zuwa da dawowa lita 72, sefa 59,616. In ka raba, kowane tan a motar Amurka ya ci man sefa 40,320, a Canter kuma 19,872. Mai kaya a kasuwar Mokolo ba zai ninka maka kuɗin dako domin injinka yana da daɗin ƙara ba. To daga ina za a fitar da bambancin? Daga aljihun mai mota, kullum, har jarin ya ƙare.

Ba a nan kaɗai kuɗin ke fita ba. Kwastan a Duwala suna duba girman inji da shekarun mota kafin su yanka haraji. Harajin shekara-shekara da ake biya tare da inshora, gwargwadon dawakin da ke rubuce a katin mota yake hawa. Ga faɗin motar, wanda duk wanda ya san lungunan Briketeri ranar Juma'a ya san ba ta da wurin juyawa.

RANAR DA TA TSAYA

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ita ma mota ba a sanin ta sai ranar da ta tsaya. Mai Toyota ko Mercedes in famfon ruwa ya mutu, zai je Mvog-Ada ko ya aika Kam Yabasi a Duwala, kafin dare ya samu, sabo ko na hannu. Mai motar da babu irinta goma a ƙasar kuwa, sai ya jira jirgi, ya biya da dala, ya biya kwastan, motar na kwance kaji na kwana a ƙarƙashinta. Waɗanda suka ga 12 ga Janairu, 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda kuɗin kayan gyara ya ninka dare ɗaya, motoci da yawa suka hau kan duwatsu ba su sake sauka ba. Ita sefa da yuro aka ɗaure ta, dala kuwa hawa da sauka take yi, don haka mai kayan Amurka bai san abin da zai biya baɗi ba.

Bugu da ƙari, injunan zamani kwamfuta ce ke sarrafa su. Giyar Super Duty mai canza kanta hawa goma ce, ba aikin guduma da kurfi ba ne, sai da na'urar bincike da wanda ya iya karanta ta. Wannan gargaɗi ya shafi masu sayen tireloli na hannu daga Turai ma. An yi su ne domin gas mai tsabta wanda sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, suna kuma buƙatar ruwan AdBlue da matatar hayaƙi. In aka shayar da su man da bai kai wannan tsabta ba, balle na bakin hanya da aka gauraya, sai nozul ya lalace, matata ta toshe, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi a tsakiyar tudu.

Amma adalci ya sa mu faɗi abin da ke da kyau a labarin Godzilla, domin akwai darasi a ciki. A lokacin da kowa ke rige-rigen ƙananan injuna masu turbo, injiniyoyin Ford sun koma ga tsohuwar ƙira da gangan: gangar jiki ta baƙin ƙarfe, bawul biyu a kowace silinda, babu turbo, ƙananan sassa kaɗan. Hujjarsu ita ce mai motar aiki ya fi buƙatar injin da zai jure, wanda ba a matsa masa, mai sauƙin gyara. Wannan kuwa ita ce maganar da makanikanmu ke yi tun da daɗewa. Ita ce ta sa injin Toyota 1HZ, mai lita 4.2 da doki wajen 130, wanda ya fito tun 1990, ya zama abin dogaro ga motocin asibiti da na ƙungiyoyin agaji a hanyoyin Gabas da Arewa mai Nisa. Kowa ya zaɓi mai sauƙin da ya dace da ƙasarsa. Nasu mai sauƙin na shan fetur mai araha ne, namu dole ya kasance mai tsimin mai wanda kayansa ke kusa.

Hatta motar manya da muke kira V8 a garin nan, wato Land Cruiser, tun 2021 da sabuwar ƙira ta 300 ta fito Toyota ya cire mata silinda biyu, ta koma shida da turbo biyu. Sunan dai ya zauna a bakin mutane, amma injin ya tafi. Tasi masu ruwan ɗorawa da ke ciyar da dubban gidaje a kan tuddan Yawunde kuwa, yawancinsu injinsu bai kai lita 2 ba.

SHAWARA GA MAI NIYYAR SAYE

Ba mu hana kowa sha'awa ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya biya haƙƙin iyali da na zakka, yana son mota mai ruri domin ranar Lahadi, dukiyarsa ce. Maganarmu da wanda zai zuba jarinsa duka ne, ko kuɗin adashi, ko na gadon marayu, yana zaton girman inji shi ne girman riba. Kafin ya aika ko sisi, ya samu amsar waɗannan tambayoyi a rubuce.

Na ɗaya, wane kaya zan ɗauka, tan nawa, daga ina zuwa ina, kuma nawa ake biya a kan tan a wannan hanya? Na biyu, lita nawa motar ke sha da kaya a kanta, daga bakin wanda ya tuƙa irinta a hanyoyinmu, ba daga bakin dillali ba? Na uku, in fistin ko kuloci ko famfon mai ya lalace, a wane shago zan same shi a Yawunde ko Duwala, kuma kwana nawa? Na huɗu, wane makanike ne ya taɓa buɗe irin injin ya mayar ya tashi? Na biyar, in na gaji da ita bayan shekara uku, wa zai saya? Motar da ta ci waɗannan tambayoyi biyar, a saya da bismillah ko da injinta bai fi na keken ɗinki ƙara ba. Wadda ta faɗi biyu daga ciki, a bar wa masu ita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga iyaye da shugabannin ƙungiyoyin direbobi kuma, ku riƙa zaunar da samarin nan kuna nuna musu littafin lissafin mota, su ga abin da ke shiga da abin da ke fita a tafiya guda. Yaron da ya taɓa riƙe kuɗin mai daga Duwala zuwa Kusiri ba zai ruɗu da hoton waya ba.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar tayoyi na hannu da yadda ake karanta shekarar ƙira a jikin taya. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka tuƙa 1924, su aiko da wasiƙunsu ta hannun edita. Allah Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya sa albarka a abin da muke nema. Wassalam.